Na'urorin da suka koyi barci

Kowa a cikinmu ya san portabul ba ta kwana biyu ba a yi mata sharji ba. To amma akwai wasu ƙananan na'urori, wasu ba su fi kwalin ashana girma ba, da ake binnewa a gona ko a ɗaure a gindin gada ko a bakin rijiya, su yi shekara biyar, wasu har goma, suna aiko da labarin zafi da raɓa da tsayin ruwa, a kan batir ɗaya, wanda mu nan muke ce wa pil. Babu mai zuwa ya canza musu, ba su san kuran ba. Yaya aka yi aka kai ga haka? Mutum zai yi zaton pil ɗin ne aka gyara. An gyara shi, amma kaɗan. Babban aikin da aka yi cikin shekara hamsin shi ne na tsara ladabin magana tsakanin na'urorin: wa zai yi magana, yaushe, wa zai saurara, kuma sauran lokacin wa zai kwanta. Wannan ladabi shi ne masana suke kira furotokol.

Bari mu fara da lissafi, don in ba shi tarihin ba zai shiga kai ba. Pil ɗin AA mai kyau, irin wanda ake sa wa cocila, yana ɗauke da abin da ya kai miliyamfa 2,500 na awa guda. Akwai wani ɗan rediyo mai suna CC2420 da aka yi ta sa wa irin waɗannan na'urori tun wajen 2004. In yana aika saƙo yana jan miliyamfa 17 da ɗoriya. In yana saurare kawai, ko da ba wanda ya ce masa uffan, yana jan kusan 19. Ku sake karantawa: saurare ya fi magana cin wuta. In ka bar kunnensa buɗe dare da rana, raba 2,500 da 19, za ka samu awa 130, wato kwana biyar da rabi pil ya mutu. In kuwa ya buɗe kunne daƙiƙa ɗaya cikin kowace ɗari, kwana biyar ɗin nan ya zama kwana 500 da wani abu. Sai dai wanda ya yi barci ba ya jin sallama. Duk gardamar da za ta biyo baya a kan wannan take.

Asalin abin ba mai daɗin ji ba ne, yaƙi ne. Daga ƙarshen 1967 zuwa farkon shekarun 1970, sojan Amurka sun yi ta jefa dubban na'urori daga jirgin sama a kan hanyar Ho Chi Minh da ta ratsa dazukan Lawos, wadda ƴan Biyetnam ta Arewa suke bi da makamai da abinci. Sunan shirin Igloo White. Wasu na'urorin suna cakewa a ƙasa su ji girgizar mota, wasu suna rataye a bishiya su ji sauti, eriyarsu an yi ta kamar tsiro don kada a gane. Jirage suna shawagi a sama suna karɓar saƙon su miƙa shi wata cibiya a Nakhon Phanom, ƙasar Tailan, inda manyan kwamfutocin IBM suke, daga nan a turo masu bam. Pil ɗin na'urorin makonni kawai yake yi. In ya mutu, maganin da suke da shi guda ne: a sake jefa wasu. Mai kuɗin yaƙi ne kaɗai zai iya wannan ɓarna, kuma duk da haka kaya ba su daina wucewa ba.

A daidai wannan lokaci, can tsibiran Hawayi, wani malamin jami'a mai suna Norman Abramson yana fama da wata matsala ta daban. Jami'arsu tana da rassa a tsibirai dabam-dabam, babbar kwamfuta ɗaya ce, layin tarho kuma tsada. Shi da abokan aikinsa suka haɗa rezo na rediyo da suka kira ALOHAnet, ya fara aiki a 1971. Ƙa'idarsa kamar ta fada ce lokacin da shayi ya yi daɗi: duk mai magana ya faɗi abinsa ba tare da neman izini ba. In biyu suka yi karo, ba wanda aka ji, kowanne ya ɗan jira na wani lokaci da ya zaɓa da ka, ya sake. Lissafi ya nuna cewa da wannan tsari kashi 18 cikin ɗari na lokacin tashar ne kawai ke amfani in an cika ta. A 1972 Lawrence Roberts ya nuna cewa in aka yanka lokaci gida-gida, kowa ya fara magana a bakin gida kawai, amfanin zai ninka ya kai kashi 37. Masana suka yi shekaru suna neman abin da ya fi ALOHA tsari, kuma sun samu. Ethernet da Wi-Fi duk jikokinsa ne da aka koya musu su kasa kunne kafin su buɗe baki. Ku riƙe sunan, za mu sake gamuwa da shi a inda ba a zata ba.

Wi-Fi bai damu da pil ba sosai, domin akwai soket a bango. Waɗanda suka mai da pil babbar magana su ne mutanen jami'ar Berkeley ta Kaliforniya. A ƙarshen shekarun 1990 Kris Pister ya fito da tunanin da ya kira ƙura mai wayo: na'ura mai girman ƙwayar yashi, mai ma'auni da kwamfuta da hanyar aika saƙo, a watsa su da yawa kamar iri. Kuɗin binciken daga DARPA ya fito, hukumar binciken ma'aikatar tsaron Amurka, wato soja bai yi nisa ba har yanzu. Ƙwayar yashin ba ta shiga kasuwa ba. Abin da ya yi amfani shi ne ƴan allunan gwaji da suka ƙera kafin su kai can, masu cin pil biyu na AA, da wata ƴar manhaja, TinyOS, da ɗaliban David Culler suka rubuta wajen 2000. Da yake sun bar zanen da manhajar a buɗe, jami'o'in duniya suka ɗauka, kowa ya shiga gwada tasa dabarar.

A 2000, wata ɗaliba a MIT, Wendi Heinzelman, da malamanta suka kawo LEACH. Aika saƙo nesa yana cin wuta fiye da aika shi kusa, nesa ba kusa ba. Don haka na'urori su kasu rukuni-rukuni, kowane rukuni ya naɗa shugaba, kowa ya ba shi saƙonsa, shi ya dunƙule ya aika nesa. Amma shugaban zai riga kowa mutuwa, saboda haka shugabancin ya riƙa zagayawa kamar kwasar adashe. Tunani ne mai kyau, an rubuta dubban takardu a kansa, sai dai yawancinsu a cikin kwamfuta aka gwada, ba a gona ba. Ina faɗin haka ne don na ga masu neman taken memuwar suna son sa. Shi ne mafi sauƙin kwaikwayo, ba lalle shi ne mafi amfani ba.

A 2002 Wei Ye da John Heidemann da Deborah Estrin suka buga S-MAC, kuma su ne suka zauna suka ƙirga ƙofofin da wuta ke zurarewa: karo tsakanin saƙonni, jin maganar da ba taka ba, yawan gaisuwa kafin a kai ga zance, sai uwa-uba zaman jiran maganar da ba ta zo ba. Maganinsu shi ne maƙwabta su yi alkawarin lokaci. Kamar ƙauyukan da suka san ranar kasuwarsu: ba ka zuwa kullum ka tsaya a fili kana jiran mai saye, ranar kasuwa kowa ya hallara, a gama, a watse. Na'urori su farka tare, su yi ƴar magana, su koma barci tare. Matsalar ita ce agogo. Agogon da ke cikin irin wannan na'ura mai araha ne, yana iya gocewa da daƙiƙa biyu ko uku a rana, zafi da sanyi kuma suna ƙara masa gociya. Daƙiƙa uku ba komai ba ne ga mai jiran mota a tasha, amma ga na'urar da farkawarta ba ta kai ƙiftawar ido ba, saɓani ne babba. Dole su riƙa aika wa juna saƙon daidaita agogo, shi ma kuma wuta yake ci.

Joseph Polastre da abokansa a Berkeley suka ce to a bar alkawarin gaba ɗaya. A tsarinsu, B-MAC, na 2004, kowa ya yi barcinsa yadda ya ga dama, sai dai lokaci-lokaci ya ɗan buɗe kunne ya ji ko akwai motsi a iska, in babu ya koma. Mai saƙo shi zai sha wahala: ya tsaya a ƙofar gida yana doka sallama ba tsayawa, sallamar da ta fi tsawon barcin mai gida, har mai gida ya farka ya ji, sa'annan ya faɗi abin da ya kawo shi. Inda saƙo ba shi da yawa, wannan ya fi araha. Aibinsa, sallamar takan tashi duk unguwa, kowa ya farka ya jira, sai a ƙarshe ya ji ba shi ake nema ba. A 2006 wasu a jami'ar Kolorado suka gyara da X-MAC: a yanka sallamar gutsi-gutsi, a sa sunan wanda ake nema a kowane gutsi, a bar ɗan shiru a tsakani don ya amsa. Wanda ba shi ba ne ya koma barci nan take.

Duk wannan a ɗakin gwaji ne. Gani ya kori ji, kuma da aka fita fili sai abubuwa suka canza kama. A 2002 mutanen Berkeley da na Intel suka kai ƴan na'urorinsu wani ƙaramin tsibiri, Great Duck, a gaɓar jihar Maine. Akwai wasu tsuntsayen teku da ke yin ƙwai a rami, masu bincike suna son sanin yanayin ramin, amma in mutum ya yawaita zura hannu tsuntsuwa takan gudu ta bar ƙwan. Aka sa na'urori 'yan gomiya a ramuka da kewaye. Cikin wata huɗu sun aiko da awo fiye da miliyan ɗaya, ana karantawa daga Kaliforniya. Amma da yawa sun mutu tun kafin lokacin da aka lissafa musu, kuma ba furotokol ne ya kashe su ba, raɓa ce da ruwan sama suka shiga ma'aunin suka tsotse pil.

Wanda ya fi wannan ban tausayi, kuma a ganina ya fi koyarwa, shi ne na Holand a 2005. Koen Langendoen da abokansa na jami'ar Delft suka dasa na'urori wajen 100 a gonar dankalin turawa, don su auna raɓa da zafi su gane lokacin da cutar ruɓar ganye za ta taso. Komai ya ƙi. Manhajar tana da kurakurai, na'urar tsakiya ta yi ta mutuwa, agogo ya saɓa, da dankalin ya yi ganye sai ganyen ya tare rediyo. Kashi 2 cikin ɗari na awon ne kaɗai ya iso. Abin da ya sa nake girmama su, ba su ɓoye ba, sun rubuta dukan abin da ya lalace suka buga a 2006, kuma har yau ana karanta takardar fiye da ta wasu da suka ce sun yi nasara.

A nahiyarmu ma an yi gwaji tun da wuri. A watan Janairun 2004 ayarin Margaret Martonosi na jami'ar Princeton suka ɗaura wa wasu jakunan dawa abin wuya mai GPS da ɗan faifan sola a tsakiyar Kenya. Dajin ba rezon tarho, dabba kuma ba ta tsayawa wuri ɗaya. Dabarar ZebraNet ita ce sallahu: in jakuna biyu suka kusanci juna, abin wuyansu ya yi musayar abin da kowanne ya tara, har ranar da ɗaya zai gamu da motar masu bincike ya sauke nasa da na sauran. Saƙo yana iya kwana da yawa a hanya, amma zai isa. Duk wanda ya taɓa ba direban ƙauye wasiƙa ya san tsarin.

Kamfanoni kuwa suna nasu. A 2003 aka fitar da ƙa'idar IEEE 802.15.4, mai saurin kilobit 250 a daƙiƙa da saƙon da bai wuce bayit 127 ba, a kanta aka gina ZigBee a ƙarshen 2004. Pister ya kafa kamfanin Dust Networks, ya koma ga tsarin alkawari amma da tsanani: kowace na'ura tana da gidanta na lokaci da tashar da za ta yi magana a kai, suna tsalle daga tasha zuwa tasha don kauce wa hayaniya. Wannan ya shiga WirelessHART a 2007, shi ake amfani da shi a matatun mai da masana'antu. Nokia ta fito da Wibree a 2006, ya zama Bluetooth mai ƙarancin cin wuta a 2010, shi ne ke cikin agogon hannu na zamani. Dukansu gajeren zango gare su, mita goma zuwa ɗari. In kana son nisa sai saƙo ya bi hannu-hannu, kuma a nan akwai wani zalunci: na'urorin da ke kusa da cibiya su ke dakon saƙon kowa, su ke fara mutuwa, in sun mutu na bayansu duk sun zama kurame ko da pil ɗinsu cike yake.

Mafita ta fito daga Faransa. A Grenoble, Nicolas Sornin da Olivier Seller suka fara aiki a 2009 kan wata hanya ta aika saƙo da sautin da ke hawa daga ƙasa zuwa sama kamar fito, dabarar da masu rada suka daɗe da sani. Kamfaninsu Cycleo, masu mitar ruwa da ta gas yake nufi da farko. Semtech na Amurka ya saye shi a 2012 a kan dala miliyan 5, aka sa wa fasahar suna LoRa, a 2015 aka fitar da ƙa'idar LoRaWAN. Mai karɓa yana iya tsinto saƙon ko da hayaniyar iska ta fi shi ƙarfi sau ɗari. Ladan haka shi ne nisa, kilomita 10 zuwa 15 a fili. Kuɗinsa kuma jinkiri, domin a zango mafi nisa bit 300 ne kacal a daƙiƙa. Ba hoto, ba murya. Amma mai auna tsayin ruwan rijiya me zai yi da hoto? Lamba biyu ce zai faɗa.

Da aka samu nisa, dako hannu-hannu ya ƙare. Kowace na'ura tana magana kai tsaye da eriya guda da ke kan dogon gini ko tankin ruwa, mai kuran ko sola, wadda ba ta barci. To da wane ladabi na'urar take magana? Ta farka lokacin da ta ga dama, ta faɗi saƙonta ba ta nemi izinin kowa ba, ta buɗe kunne sau biyu, bayan daƙiƙa ɗaya da bayan daƙiƙa biyu, ko akwai amsa, ta koma barci. ALOHA kenan, na 1971, wanda aka yi shekara arba'in ana gudu. Karo yana nan, asarar kashi 82 ɗin nan tana nan in an cika tashar. Sai dai tashar da kowa ke magana sau ɗaya a awa ba ta cika da wuri, kuma wanda ba ya jiran kowa ba ya ɓata pil wajen jira. Abramson ya rayu ya ga haka, ya rasu a Disamban 2020.

Akwai kishiya, Sigfox, daga kusa da Tuluz. Nasu ya fi tsumulmula: bayit 12 a saƙo, saƙo 140 a rana. Bambancin da ya fi muhimmanci ba na fasaha ba ne. Eriyar LoRa kowa na iya saye ya kafa tasa. Ta Sigfox ta kamfani ce da wakilansa, kai dai ka biya abonma. A Janairun 2022 kamfanin ya shiga hannun kotun kasuwanci saboda bashi, a Afrilu UnaBiz na Singafo ya saye shi. Rezon bai mutu ba, amma waɗanda suka binne na'urar shekara goma sun kwana da tunanin ko kamfanin zai kai shekarun pil ɗinsu. Kamfanonin tarho su ma sun kawo nasu, NB-IoT, a 2016, mai amfani da eriyoyin salula da katin SIM. Yana da kyau inda rezo ya kai, da sharaɗin kamfanin ya kunna shi.

Me ya haɗa mu da wannan? Daga 1990 masu binciken ORSTOM da hukumar yanayi ta ƙasa suka baza ma'aunan ruwan sama wajen 100 a kewayen Yamai, a shirin EPSAT-Niger. Na'urorin suna ajiye awon a cikinsu, sai an bi su da mota an kwaso. Abin da suka gano manomi ya daɗe da sani, amma yanzu da lamba: tsakanin wuri biyu da ba su fi kilomita 10 ba, ruwan damina ɗaya yana iya bambanta da fiye da milimita 200. Ƙasar da ruwanta ke sauka haka, ma'auni ɗaya a babban gari ba ya faɗin gaskiyar ƙauyen da ke bayansa. Ana buƙatar ma'aunai da yawa, masu araha, da ba sa neman mota da man fetur kowane mako. Haka rijiyoyin burtsatse, haka fadamun albasa na Tawa, haka gulbin Maraɗi in ya tashi cika. Kuma ba a ce ɗan ƙasa ba zai iya ba: Abdou Maman Kané ya haɗa ban-ruwa da portabul da sola, manomi ya kunna famfo daga nesa, ya ci kyautar Hassan II ta ruwa a 2015. Nasa ta rezon salula yake bi, don haka iyakarsa iyakar rezo.

Game da “shekara goma” da ake rubutawa a kwali kuwa, ku yi lissafin da kanku. A zango mafi nisa, ɗan saƙon LoRa yana ɗaukar wajen daƙiƙa ɗaya da rabi, rediyo yana jan kamar miliyamfa 40. Sau ɗaya a awa, haɗe da ɗan abin da barci ke ci, bai fi rabin miliyamfa na awa a rana ba da kaɗan. 2,500 zai kai shekara goma sha biyu a takarda. Ka mai da shi kowane minti biyar, ya faɗo shekara ɗaya da wata huɗu ko biyar. Sa'annan lambobin pil a ɗaki mai digiri 20 zuwa 25 ake auna su. Pil yana zubar da wutarsa ko ba a taɓa shi ba, zafi kuma yana gaggauta zubar. Akwatin roba da ke tsaye a rana a Damagaram cikin watan Afrilu, inda inuwa ma ta haura digiri 40, cikinsa ya fi haka nesa. Ga ƙurar hunturu da ke rufe faifan sola, ga gara, ga akuya. Mai son gwadawa a jami'ar Maraɗi ko ta Damagaram ko ta Tawa, na'ura biyar da eriya ɗaya a kan tankin ruwa sun ishe shi farawa. Ya sa ma'aunin zafi a cikin akwatin kansa, ya riƙa rubuta ƙarfin pil kowane mako daga Maris har ruwa ya sauka, tare da ranar da kowace ta yi shiru da abin da ya tarar da ya buɗe ta.